Zaɓen Akwatin Sabar Ajiya ta Gida: Iskar da Ke Bi ta Kan Faya-fayi Ita Ce Magana

Mai shirin haɗa sabar ajiya a gida, wato kwamfutar da za ta zauna a lungu guda tana kunne dare da rana, tana riƙe da hotuna da bidiyo da takardun iyali ko na shago, yakan share makonni yana tantance furosesa da faya-fayin ajiya (hard disk), sannan ya sayi akwatin da ya fara cin karo da shi. Nan ake yin asara. Akwatunan da suka cika kasuwa yanzu don kwamfutar wasa aka ƙera su: gilashi a gefe, fitilu masu launi, fili mai faɗi saboda katin hoto, sai gurbin faifai biyu kacal da aka cusa a ƙasa kusa da fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa kwamfuta wuta, inda iska ba ta kaiwa. A sabar ajiya kuwa furosesa yawanci hutawa yake yi. Faya-fayi ne ke juyawa ba tsayawa, su suka fi komai tsada a cikin akwatin, kuma a kansu abin da ba ka son ya ɓace yake. Don haka daga kansu ake fara lissafi.

Gurbi nawa, kuma na gaske ne?

Faifai mai inci 3.5 faɗinsa milimita 101.6 ne, tsawonsa 147, kaurinsa 26.1, nauyinsa kuma yakan kai giram 600 zuwa 700 idan babba ne. Ka tsayar da adadin da kake so tun kafin ka leƙa kasuwa. Faifai biyu masu kwafin juna sun ishi gidaje da yawa. Wanda zai yi amfani da ZFS, tsarin da ke haɗa faya-fayi yana kare bayanan da ke kansu, a kan manhajar sabar ajiya ta TrueNAS yakan zaɓi faifai shida a tsarin RAIDZ2, inda biyu za su iya mutuwa ba tare da an rasa komai ba. Shida masu TB 8 kowanne za su ba ka wajen TB 32 kafin tsarin ya cire nasa kaso. Duk adadin da ka tsayar, ka ƙara gurbi ɗaya ko biyu a kai. Ba don faɗaɗawa kaɗai ba: ranar da faifai ya fara nuna alamun gajiya, ya fi aminci ka saka sabon a gurbin da ke fili, a kwashe bayanan tsohon yana nan a haɗe, maimakon ka zare shi ka bar sauran suna aiki da raguwar kariya.

Ka yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Wasu kamfanoni suna haɗa gurbin ƙananan faya-fayi masu inci 2.5 cikin jimillar. Wasu kuma suna faɗin iyakar abin da akwatin zai iya ɗauka, ba abin da ya zo da shi ba. Fractal Design Define 7 zai iya ɗaukar har faifai 14, Define 7 XL kuma 18, amma farantan da ake ɗaure faifai a kai ba su zuwa cikakku. Sauran sai ka saya daban, kuma samunsu a nan ba ƙaramin aiki ba ne. Tsohon Define R5 yana zuwa da farantai takwas a shirye, shi ya sa har yau masu haɗa irin wannan saba suke nemansa ko da na hannu ne.

Akwai kuma matsalar ramukan sukuru. Manyan faya-fayi da yawa ba su da ramin tsakiya na gefe, kuma ramukan ƙasansu sun matsa daga inda suke a tsofaffi, saboda an cika cikinsu da ƙarin farantan ajiya. Kejin faya-fayi na akwatin Node 804 ya dogara da wannan rami na tsakiya, shi ya sa ake buƙatar wasu ƙananan ƙarafa na haɗi kafin babban faifai ya zauna da sukuru huɗu. Faifan da aka rataye da sukuru biyu zai yi ta kaɗawa. Ka duba zanen ramukan faifanka ka gwada da farantin akwatin kafin ka biya.

Hanyar iska

Yawancin masu ƙera faya-fayi suna sa iyakar zafin aiki a wajen digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas, amma iyaka ba wurin zama ba ce. Abin da ake nema shi ne faifai ya zauna tsakanin 30 da 45. Fanka ba ta sanyaya komai ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Iyakarta ta rage tazarar da ke tsakanin zafin faifai da na ɗaki. A akwati mai kyau tazarar takan tsaya a digiri biyar zuwa takwas. A akwatin da iska ba ta ratsa kejin, takan haura goma sha biyar. Wanda ke Jamus ko Kanada, ɗakinsa na digiri 21, ba zai damu da wannan bambanci ba, kuma yawancin sharhin akwatuna da za ka gani a intanet a irin waɗannan ɗakuna aka gwada su. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, a watan Afrilu, lokacin da zafin waje ke wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba tare da na'urar sanyi ba zai iya zama a 36 ko 38 da yamma. Ka ɗora biyar a kai, kana cikin aminci. Ka ɗora goma sha biyar, faifanka yana sama da 50 na tsawon watanni.

Saboda haka idan kana kallon hoton akwati, ka bi iskar da ido. Ina take shiga? Shin dole ne ta ratsa tsakanin faya-fayi kafin ta fita, ko tana da wata hanya mafi sauƙi? Iska kamar ruwan damina take, inda ya samu gangare nan yake bi. SilverStone DS380 misali ne da ya yi suna: akwati ne ƙarami mai gurbi takwas, fankoki biyu a gefe, amma iskar takan zagaye kejin ta wuce wajen babban allo (motherboard), har masu shi suka saba yanka kwali ko roba su toshe ratar don tilasta mata shiga kejin. A Node 304 kuwa faya-fayi shida suna rataye ne daidai bayan fankoki biyu masu milimita 92 da ke gaba, ga kuma mai 140 a baya tana zuƙe iskar waje. A Define R5 kejin yana bayan gurbin fankoki biyu masu 140. Da guda ɗaya a gaba yake zuwa, ka ƙara ta biyun don na ƙasa da na sama su samu daidai. Jonsbo N2 mai gurbi biyar da N3 mai takwas sun ware wa faya-fayi ɗakinsu daban a ƙasa, fanka tana bayansu tana jan iska ta cikin ramukan allon haɗin da faya-fayin ke shiga jikinsa. Tsari ne mai kyau, sai dai faya-fayin sun matsu da juna, kuma fankar N2 siririya ce mai kaurin milimita 15. A ɗaki mai zafi ni ba zan dogara da ita ba sai na gwada na ga lambobi.

Tazarar da ke tsakanin faifai da faifai ita ma abin dubawa ce. Idan kana da gurbi takwas faifai huɗu, ka tsallake gurbi ɗaya tsakanin kowanne. Idan kejin a cike yake, ka nemi fankar da aka ƙera don tura iska ta matsattsen wuri, irin wadda ake sa wa radiyeta, ba wadda aka yi don buɗaɗɗen fili ba.

Wani kuskure da ake yawan yi yana cikin BIOS, wato shafin saitin babban allo. Babban allo yana ƙara gudun fankoki ne gwargwadon zafin furosesa. Amma lokacin da ZFS ke bin duk bayanai yana tantance su, ko yana sake gina faifan da aka musanya, faya-fayi ne ke ɗaukar zafi na sa'o'i masu yawa, furosesa kuwa yana nan a sanyaye, fankoki suna tafiya a hankali. Ka tsayar da gudun fankokin keji a wuri guda, kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, ka bar su haka.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma na'urar da ke zuƙar iska awa 24 tana tara ta fiye da kowace. Ka sa fankokin da ke shigar da iska su rinjayi masu fitarwa, kamar biyu a gaba ɗaya a baya, don iskar cikin akwatin ta riƙa fita ta kowace kafa maimakon ƙura ta shigo ta nan. Duk mashigar iska ta kasance da raga, kuma ragar ta zama wadda ake zarewa daga gaba ko gefe ba tare da an ɗaga akwatin ba, domin motsa akwati faya-fayi suna juyawa haɗari ne. A hunturu ka riƙa duba ragar duk mako biyu. Toshewarta kaɗai tana iya ƙara wa faifai digiri da dama. Kada ka ajiye akwatin a ƙasa, ka ɗora shi a kan teburi ko kanta mai ƙarfi da ba ta girgiza. In za ka hura ƙura da bulowa, ka kashe na'urar, ka riƙe fiffiken fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Gurbin da ake zare faifai daga gaba ba tare da kashe na'ura ba abu ne mai daɗi, amma a gida ba dole ba ne. Kashe saba na minti goma ba zai tsayar da kowa ba. Amfaninsa na gaske shi ne rage tarin wayoyi. Farashinsa kuma shi ne allon haɗin da ke baya yana tare iska, kuma wuri ne ƙari da ke iya lalacewa. Ko wane iri ka zaɓa, ka rubuta lambobi huɗu na ƙarshe na siriyal ɗin kowane faifai a takarda ka manna inda ake gani. Zare lafiyayyen faifai a madadin matacce yana cikin hanyoyin da mutane ke rasa bayanansu.

Babban allo da fawa-fak

Girman akwati shi ke yanke maka girman allo. Ƙaramin allo na Mini-ITX milimita 170 ne ta kowane gefe, ramin PCIe ɗaya gare shi, wato inda ake saka ƙarin kati, kuma yawanci mahaɗar SATA, inda ake jona faifai, huɗu ko ƙasa da haka. Idan faya-fayinka shida ne ko takwas, ramin nan ɗaya zai tafi ga katin HBA, wanda ke ƙara mahaɗar faya-fayi, irin su LSI 9207-8i ko 9300-8i da aka sa a yanayin IT, inda katin ke miƙa kowane faifai kai tsaye ga manhaja, ka ga babu sauran wurin katin sadarwa mai gigabit 10. Micro-ATX mai milimita 244 yana ba da har rami huɗu, ya fi araha, ya fi sauƙin samu. Wanda ke hangen faifai takwas, Node 804 ko SilverStone CS382 sun fi masa sauƙin rayuwa a kan ƙananan akwatuna. Katin HBA an yi shi ne don akwatin cibiyar bayanai mai iska kamar guguwa. A akwatin gida yana yin zafin da ba a iya taɓawa, kuma in ya yi yawa sai faya-fayi su riƙa ɓacewa suna dawowa. Ka ɗaura masa fanka mai milimita 40 a kan ƙarfen sanyayawarsa. Wayar da ke rabuwa huɗu daga katin zuwa faya-fayi iri biyu ce masu kama da juna, ta gaba (forward breakout) da ta baya (reverse breakout). Ta gaba kake buƙata, ɗayar ba za ta nuna faifai ko ɗaya ba. Ka kuma duba tsayin na'urar sanyaya furosesa: N2 milimita 65 kawai yake bari.

A fawa-fak ina fifita akwatin da ke karɓar girman ATX, wato wanda aka saba gani a kwamfutar tebur. Akwatunan Jonsbo N2 da N3 suna buƙatar ƙaramin fawa-fak na SFX, wanda ya fi tsada, kuma ranar da wutar NEPA ta ƙona shi ba lallai ka samu madadinsa a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Legas a ranar ba. Faifai yana cin wat biyar zuwa tara yana aiki, amma a daƙiƙun farko na tashi yana iya jan amfiya biyu a layin bolt 12. Takwas a lokaci guda sun kusa wat 200. Fawa-fak mai inganci na wat 450 zuwa 550 ya wadatar. Ka ƙirga kawunan SATA da ke jikinsa, kada ka ɗora fiye da faifai huɗu a waya ɗaya, ka kuma guji 'yan wayoyin nan masu arha da ke juya tsohon kan wuta na Molex zuwa SATA waɗanda aka narka robarsu a kan wayar, domin an san su da kamawa da wuta. Wayoyin fawa-fak masu cirewa ba sa musanyuwa tsakanin kamfanoni ko da bakin ya shiga. Waya ɗaya da ba tata ba tana iya ƙona duk faya-fayin da ke kanta. Ga mai sola ko inbata, saba mai faifai shida takan zauna a wajen wat 50 zuwa 60, wato kilowat-awa 1.2 zuwa 1.4 a yini.

Akwatunan rak, wato waɗanda ake jerawa a kantar cibiyar bayanai, masu girman 4U, irin Supermicro 846 mai gurbi 24, sukan ja hankali saboda arharsu a na hannu. Tsawonsu ya haura santimita 60, suna da nauyi, fankokinsu kuma ƙararsu ba ta barin barci. In ba ka da ɗaki na daban, ka bar su. Kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake samu da arha suna da kyau ga faifai ɗaya ko biyu, amma allonsu da fawa-fak ɗinsu sau da yawa na musamman ne, ba sa komawa wani akwati cikin sauƙi. Hanya mafi araha ita ce tsohon dogon akwati mai gurbin CD uku ko fiye a gaba: akwai kejin da ke shiga gurbi uku ya ɗauki faifai huɗu ko biyar, da fankarsa. Wani lokaci sai ka lanƙwasa 'yan ƙarafan da ke tsakanin gurbin kafin ya shiga. In kuma daga waje za ka yi odar akwati, ka tambayi kuɗin dako tukuna, domin masu jigilar jirgin sama da girman kwali suke lissafi, kuma akwati kusan duk iska ce a ciki.

Bayan ka haɗa, ka rufe duk murafen, ka ajiye shi a inda zai zauna, ka sa shi tantance bayanai ko kwafar manyan fayiloli da misalin ƙarfe uku na rana. Bayan awa biyu ka gudanar da umarnin smartctl -a, mai nuna rahoton lafiyar faifai, a kan kowane faifai. Layin da ke ɗauke da lamba 194 shi ne zafi. In wani ya fi 'yan uwansa da digiri biyar ko fiye, iska ba ta kai masa. Ka sauya masa gurbi ko ka toshe ratar da take gudu ta ciki. Mai lamba 199 kuma yana ƙirga kurakuran da ke faruwa tsakanin faifai da allo. In lambar tana hawa, ka fara da canza wayar SATA ko gurbin, musamman inda murfin gefe ke danne kan wayar. A irin wannan wuri wayar mai lanƙwasasshen kai ake sawa.