Dare Uku Na Ɓata a Kan Daƙiƙa 17

Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Dare uku na yi ina fama da guntun bidiyon da bai wuce daƙiƙa 17 ba, kuma da hannuna na kashe shi.

Duk mai leƙa gajerun bidiyoyi ya san irinsu. A ɗauko wani fage daga tsohon wasan barkwancin talabijin, a ja fuskar ɗan wasa ta zama kamar kyandir ya narke, a maimaita kalma ɗaya sau takwas, a ƙona launi, sannan kwatsam sauti ya fashe. Abin ya daɗe. Tun wajen 2006 ake irin wannan ɓarna da sunan YouTube Poop, manhajar gajerun bidiyo ta Vine ta zo a 2013 da daƙiƙa shidanta ta koya wa mutane taƙaitawa, sannan wajen 2017 zuwa 2018 aka tasa wani fage na wasan katun ɗin Amurka The Simpsons a gaba, wanda ake kira "Steamed Hams" kuma tun 1996 aka nuna shi, aka yi ta juya shi har ba irin kamar da ba a ba shi ba. A nan ni ma abin ya shiga raina.

Fagen da na zaɓa mai sauƙi ne. Miji ya shigo falo, ya faɗi wata gajeriyar magana a hankali, matar ta zuba masa ido, 'yan kallo suka kwashe da dariya. Sai na cire dariyar, na bar shiru na daƙiƙa uku, ina matso da fuskar matar sannu a hankali har idonta ɗaya ya cika allon. Daga nan na dawo da dariyar, amma na rage mata gudu zuwa rabi. Wanda bai taɓa gwada wannan ba ya gwada. Dariyar nan da aka saba lafta wa wasanni tun shekarun 1950, lokacin da injiniyan sauti Charley Douglass ya ƙera akwatinsa mai fitar da dariyar da aka naɗa, in ka ja ta sai ta koma nishin mutanen da aka rufe a rijiya. Ni kaɗai a ɗaki na yi dariya har da hawaye.

Aikin hoto bai ba ni wahala ba. Inda na yi wa kaina sakiyar da ba ruwa shi ne ƙarshen bidiyon. Na ɗaga ƙarar daƙiƙa takwas na ƙarshe har ma'aunin sauti ya tsaya cak a kan ja, na ƙara masa amo mai kauri, na sake ƙarawa. A iyafis ɗina abin ya yi armashi. Na ɗora da dare, na kwanta ina jin kaina gwani.

Washegari da yamma wani abokina ya turo mini saƙo: "Malam, wai me mutumin ya ce ne?"

Kwana guda cur ban sani ba, don kwafin da ke kwamfutata nake ta kallo ina yaba kaina. Da na buɗe wanda na ɗora ta lasifikar waya, bakin mijin na motsi, amma da ƙyar ake jin komai. Dalili kuwa, manyan manhajojin bidiyo sukan auna matsakaicin ƙarar bidiyo ɗungurungum, in ta yi yawa su sassauta shi gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Kusan rabin nawa hayaniya ce, don haka aka danne komai, maganar mijin da tun asali a hankali aka faɗe ta ta nutse. Amon da na ɓata dare guda ina kaurarawa kuma, ƙaramar lasifikar waya ba ta ma iya fitar da shi. Duk barkwancin a kan wannan magana ɗaya ya rataya. Ba ita, abin da ya rage shi ne wata mata na zare ido sai hayaniya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ban raba sautukan ba. Don hoton ya ƙara dagulewa na riƙa fitar da bidiyon ina sake shigar da shi, sau biyar, kuma kowane zagaye murya da dariya da amo suna ƙara cakuɗewa wuri guda. Babu yadda zan ɗaga muryar mijin ita kaɗai. Dole na koma farko.

Sai a aiki na biyu na gane cewa fashewar sauti daban, ƙarfinsa daban. Sauti a kwamfuta yana da rufi, desibel 0, duk abin da ya wuce nan sai a aske masa kai, kuma wannan askin ne ke ba da ƙarar tsagewa. To kana iya tsaga shi son ranka, sannan ka sauko da shi ƙasa. Kunne zai ci gaba da jin sa kamar tsawa. Kuma rabin daƙiƙa ya isa. Daƙiƙa takwas! Ban san me ya hau kaina ba.

Yanzu ba na sakin komai sai na fara ɗora shi a ɓoye, na saurara ta lasifikar waya, wayar ma a ajiye nesa da ni. Hoto kaɗai nake dagulawa, sauti yana gefe a rarrabe sai a matakin ƙarshe. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa murguɗa fuska na ɓoye ka daga masu haƙƙin mallaka. Content ID, tsarin da ke gano bidiyo ko sautin wasu da aka kwafa, yana aiki a YouTube tun 2007, kuma gargaɗin keta haƙƙi uku na iya rufe tasha.

Na goge na farkon, na ɗora gyararren. Muryar mijin ta fito tangaran. Sai dai waɗanda suka saba kallon kayana sun riga sun ga gurgun, ba wanda ya tsaya kallo karo na biyu. Abokin nan nawa ne kawai ya sake rubutowa: "Au, ashe abin da ya ce ke nan."