Sana'ar nutso, daga tekun Legas zuwa ruwan Tiga

A Legas na koyi nutso, a jikin wani tsohon jirgin ruwa da ya kife kusa da gaɓa, wajajen Tarkwa Bay. Zurfin wurin bai wuce mita 12 ba. Tsatsa ta ci ƙarfen har bakinsa ya koma kamar reza, ƙananan kifaye na shige da fice ta tagogi, igiyar ruwa kuma tana ta kai mutum tana komowa da shi. Mai koya mana ya hana mu shiga cikin jirgin, zagayawa kawai muke yi. A lokacin na ɗauka tsoro ne ya yi masa yawa.

Yanzu ina da ɗan kamfanina a gefen madatsar Tiga, ni da yara uku. Jarinmu tukwanen iska shida da injin ɗura su. Mutanen ƙauye oksijin suke ce musu, alhali iskar da kowa ke shaƙa ce, an tace ta an matse ta ninki 200. Ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba, don haka dalmar da nake ɗaurawa a ƙugu na rage ta. Lissafin minti nawa za mu yi a ƙasa ma sai da na sake, saboda ƙasar Kano tudu ce a kan teku.

Yawancin aikin injin ban-ruwa ne da ya zame, ko kwale-kwalen da ya nutse da kaya. Idan gawa ce ba ma karɓar ko sisi.

Tun da aka gama madatsar a 1974, zamanin Audu Bako, kututturan da ruwa ya shanye suna nan, kuma duk ragar da ta ɓace wa masunta a jikinsu take. Bara wani dattijo ya zo kan maganar kwale-kwalensa da ya nutse, ya ce, "Yaro, wurin fa bai kai tsayin rimi ba, yanzu za ka fito." Na ce, "To Baba, Allah ya sa." Mita 8 ne, amma laka ta tashi, ko tafin hannuna ba na gani. Ina laluben gindin jirgin sai na ji an riƙe ni ta baya: raga ta naɗe kan tukunyata. Zuciya ta ce in fizge in yi sama. A nan mutane ke halaka, domin iskar da ka shaƙa a mita 10 tana ninka girmanta kafin ka iso sama, in ka riƙe numfashi sai ta yaga huhu. Na tsaya cik, ina numfashi a hankali, na ja igiya. Yarona ya sauko da wuƙa ya yanke ragar zare-zare.

Da muka fito dattijon ya rasa abin faɗa, sai hannuna da ya riƙe. Washegari muka ɗaure jarkoki a jikin jirgin, muka hura musu iska, ya taso.