Ga Mai Shan Haɗin Kemis Don Ciwon Jiki

Da magariba na tsaya a kemis ɗin bakin layinmu zan karɓi maganina na hawan jini, sai ga ɗan maƙwabcina ya shigo, ƙafafunsa fari fat da siminti. Lebura ne, ranar kuma sun yi zubin kankaren rufin bene, tun asuba yake hawa da sauka da kwano a ka. Bai ko tsaya faɗin inda ke masa ciwo ba. Ya miƙa kuɗi ya ce, "A ba ni na ciwon jiki, mai ƙarfi." Yaron shagon ya ɓalle ƙwaya daga wannan kati, ya ɓalle daga wancan, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya zuba masa a tafin hannu. Ya watsa su baki ɗaya, ya kora da lemon ƙarin kuzari. Na ce, "Kai yaro, ka ci abinci kuwa?" Ya ce, "Sai na je gida, Baba." Na ce, "Ka san sunan ko ɗaya daga cikin abin da ka haɗiye?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai yana aiki." Ya fita yana latsa waya.

Raina ya ɓaci, kuma ba da shi kaɗai ba. Wannan amsar tasa ita na riƙa ba mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, duk lokacin da ta ga ina kwance ƙullin ƙwayoyi a tsakar gida.

Dako na yi a kasuwar Dawanau lokacin ƙuruciyata. Buhun masara ko gero mai kilo 100 za a ɗora maka a baya, ka bi kan katako ka hau da shi mota, kuma da yawan buhunan da ka ɗauka ake biyanka. In kaka ta yi, kaya sun cika kasuwa, wanda ya zauna hutawa ya ga wani ya kwashe rabonsa. Ciwon da na fara ji ba wani abin tsoro ba ne, ciwon gajiya ne irin wanda kowane sabon ɗan dako ke ji. Ranar da ka yi aikin ba ka jin komai, washegari sai cinya da kafaɗa su yi tsami, jibi ya fi tsanani, kafin mako ya zagayo ya wuce da kansa. Daga baya wani likita ya yi mini bayani cewa ƙananan yagewa ne ke samun zaren tsoka idan an sa ta aikin da ba ta saba ba, jiki kuma ya san yadda yake gyara abinsa, har tsokar ta fi da ƙarfi. Abin da take nema shi ne barci, abinci, ruwa, da a ɗan sassauta mata. Ni kuwa ban ba ta ko ɗaya ba. Wani babba a cikinmu ya nuna mini mai tallan magani a faranti, na sha, na tashi garau, na ce na samo sirrin sana'a.

To amma a yi mini adalci. Mahaifina ya rasu, ƙannena suna makaranta, ga mata da goyo. Ranar da ban fita ba tukunya ba ta hawa wuta. Masu cewa "ka huta" yawanci masu albashi ne, waɗanda in sun kwanta ciwo kuɗinsu na shigowa ƙarshen wata. Ba don jin daɗi na sha ba, don in iya miƙewa ne. Kuma babu wanda ya taɓa gaya mana cewa abin yana cin ciki. Haka nake faɗa wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai in zan faɗi duka, akwai ranakun da ba yunwa ce ta fitar da ni ba, son a ce wane ya fi kowa ƙarfi ne. Ina so a nuna ni a ce shi kaɗai ya loda rabin mota. Mahaifiyata kuma ta gaya mini, da irin nata sanin, cewa abin da ke kashe ciwo nan take ba zai bar mutum haka nan ba. Na ji, na share.

Abin da ke cikin irin wannan haɗi sai da na kwanta asibiti na san shi. Yawanci akwai farasitamol, sannan ibuprofen, da diclofenac, wani lokaci har da piroxicam. Waɗannan ukun na ƙarshe dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya, illarsu ɗaya: suna rage kariyar bangon ciki har ya yi gyambo, suna wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni yana zufa bai sha ruwa ba, suna kuma ɗaga hawan jini. Ƙa'ida ita ce ba a haɗa biyu daga cikinsu lokaci guda, ni kuwa uku nake sha, a kan yunwa. Wasu masu shagon har da dexamethasone suke jefawa, ƴar ƙaramar ƙwayar nan da ke sa fuska ta kumbura mutum ya ɗauka ƙiba ya yi, alhali tana ɗaga sukarin jini tana raunana ƙashi.

Tramol ya zo ne a ƙarshen zamanin dakona, kuma na sha shi, ba zan ɓoye ba. In ka sha, buhu ba ya da nauyi. A nan bayana ya tafi. Ciwo mai gadi ne da ya ga ɓarawo yana ihu, ni kuma na toshe masa baki na ci gaba da lodi. Wata rana na sunkuya na ji wani abu ya tsarga daga ƙugu zuwa bayan cinya har yatsun ƙafa, kuma har yau in na daɗe a tsaye ƙafar hagu tana dindiris. Abin da ya fi muni, ranar da ban sha tramol ba sai hamma, zufa, rashin barci, da ciwon jiki wanda ya fi na farko. Ƙwayar da kanta ta koma kawo ciwon da nake shan ta dominsa. Na ga wanda ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya a bakin mota bayan ya sha, ba kuma ya da farfaɗiya. Tramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake sayarwa a ɓoye har mai 225 akwai, shi ya sa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, ke ta kama shi. Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magungunan, tramol da kodin da danginsu, ba da izinin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yawancin waɗanda na sani a cikin masu sha ba ƴan iska ba ne, leburori ne da manoma da ƴan acaɓa.

Cikina kuwa ya daɗe yana gargaɗi. Zafi a ƙahon zuciya, in sha madara ya lafa, in ci gaba. Sai bayan gida ya koma baƙi ƙirin mai wari, ban san jini ba ne. Jiri ya kayar da ni, aka kai ni asibiti, sai da aka ƙara mini jini. Kuɗin da aka kashe ya cinye duk abin da nake taƙamar na tara da ƙarfin ƙwaya, aka kuma ci bashi a kai.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma na ga ku yaran yanzu ba ku karanta abin da ya wuce tsawon allon waya. To ga kaɗan.

Kada ka haɗiye ƙwayar da ba ka san sunanta ba. Ka ce a nuna maka katin. Wanda ya ƙi nunawa, bar masa kayansa. Kuna iya zama awa uku kuna kallon ƙwallon Ingila, kun san sunan kowane ɗan wasa, amma abin da zai shiga cikinku ba ku tambaya. Wannan abu yana ba ni haushi ƙwarai.

Ciwon gajiya ba ya bukatar magani. Ka sha ruwa tun kana aiki, kada ka jira ƙishirwa ta kama ka. In tsoka na ɗaurewa bayan zufa, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanka da ruwan ɗumi, man zafi, a ɗan matsa maka wurin, ka yi barci da wuri. In targaɗe ne ko bugu da kumburi, sanyi ake sawa a kwana biyun farko, gashi sai daga baya. Na ce ba ya bukatar magani, amma na san gobe akwai aiki kuma za ka sha. To sha farasitamol shi kaɗai, biyu a lokaci guda, kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini da kwana, domin fiye da haka yana lalata hanta. In dole sai ibuprofen, shi ɗaya, bayan ka ci abinci, na ƴan kwanaki kawai, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mace mai ciki kada su kusance shi sai da likita.

Ka huta. Amma kada ka kwanta. Na san maganar kamar tana karo da juna. Ciwon baya ƙaruwa yake in mutum ya shimfiɗe a tabarma kwana da kwanaki. Ka ajiye kaya mai nauyi, ka ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka. In za ka ɗaga buhun siminti, kilo 50 ne, durƙusa da gwiwa, rungume shi kusa da jiki, kada ka murɗa ƙugu da shi a hannu. In ya fi ƙarfinka kira wani ku kama, babu wanda ya taɓa ba ni lambar yabo don na ɗauka ni kaɗai.

Ba kowane ciwon jiki ne na gajiya ba, kuma haɗin kemis rufe su yake duka. Ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi, je a gwada jininka, maleriya ce sau da yawa, gwajin bai fi minti ashirin ba. Zazzaɓi da ciwon kai da wuyan da ya ƙi lanƙwasawa, musamman lokacin zafi, sanƙarau ne sai an tabbatar ba shi ba ne, asibiti a daren. Fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, tsoka ce ke narkewa, ƙoda na cikin haɗari. Ciwon ƙirji da ke bin hannun hagu ko muƙamuƙi. Ciwon baya da ƙafa ta mutu ko fitsari ya ƙwace. Baƙin bayan gida ko aman jini. Yaron da ƙashinsa ke yawan ciwo tun yana ƙarami, a gwada shi sikila, a daina cewa sanyi ne. Duk waɗannan ba na mai faranti ba ne, ba kuma na wanzami ba. In matsalar ta ƙashi ce ko ta baya, ga asibitin ƙashi na Dala nan a Kano, don wannan aka gina shi.

Tramol kuwa, in ba ka fara ba kada ka fara, ko ubangidanka ne ya miƙo maka don aiki ya yi sauri. In ka riga ka saba, da zan ce jefar da shi yau, amma na san yadda jiki ke yi in an yanke shi farat ɗaya, na kuma ga waɗanda wahalar ta mayar da su kansa. Je wurin likita ka gaya masa gaskiyar adadin da kake sha, kada ka rage don kunya, ya tsara maka yadda za a janye shi sannu a hankali. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gidanku, wanda zai riƙe maka kuɗin aikinka a makonnin farko.