Naira ɗari da na miƙa ma baƙo

Ranar Alhamis na miƙa makullai na yi sallama da abokan aiki, bayan shekara shida ina zagayawa da baƙi cikin gidan tarihi nan Sakkwato. Waɗanda munka yi aiki tare sun san wurin, ba sai na kira suna ba. Ana ta tambaya ta mi na koya, ni kuma duk wanda ya tambaye ni wani dattijo nake tunawa.

Shekarata ta biyu ce, da safe cikin hunturu, ina zaune bakin ƙofa da littafin baƙi sai ga dattijo makaho da sanda, yaro na riƙe da ƙarshenta. Wallahi ban bari ya ƙare sallama ba na zaro naira ɗari na miƙa ma yaron. Ya ji motsin takarda ya tambayi yaro mi anka ba shi, sannan ya juyo wajen muryata ya ce, "Ɗana, mai da kuɗinka aljihu, ba bara ta kawo ni ba. Ba nan ake aje kayan yaƙin mutanen da ba? Su na zo gani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma abin bai tsaya nan ba, da munka shiga ciki sai na riƙa yi ma yaron magana, gaya mishi wanga sulke ne, gaya mishi wancan kwalkwali ne, har ya ce mini kunnenshi lafiya lau, in yi magana da shi. Nan na gane duk bayanin da na haddace da ɗan yatsa nake yin shi, dubi nan, kalli can, in ka cire nuni babu abin da ya rage. Shi ko ya fi ni sanin abin da ke ɗakin nesa ba kusa ba. Na ce Shehu ya kafa garin nan, ya gyara mini ya ce Muhammadu Bello ne, Shehu daga Sifawa ya taso daga baya, kuma haka yake, 1809 Bello ya kafa, Shehu ya shigo 1815 ya rasu 1817. Ya jero mini wuraren jihadi, Gudu, Tabkin Kwatto, Alƙalawa, har ranar yaƙin Giginya da Turawa sunka shigo a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas zuwa Burmi, kamar yana wurin. Da munka kai ga tambari, shi kaɗai ne ba cikin gilashi ba, ya miƙa hannu a hankali, ni kuma na riƙe mishi wuyan hannu na ce Baba ba a taɓawa. Ya janye bai yi musu ba. Sai a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, na gode, amma yau gilashi kawai na taɓa."

Daren nan ban yi barci ba. Mu da munka tashi garin malamai, wane yaro ne bai san labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum ba, makahon da saboda shi anka saukar da sura, wanda yake kiran salla a Madina? Na sani tun ina makarantar allo, amma makaho ya tsaya gabana aljihu na nufa.

Hana taɓa kaya na asali yana da dalili, zufa da maiƙon hannu na sa ƙarfe tsatsa, tsohuwar takardar ajami kuwa ko buɗe ta da yawa lahani ne. Laifina shi ne ban tanadi komai a madadi ba. Sai na fara haɗa akwati da kuɗina, kaɗan kaɗan ƙarshen wata. Maƙeri ya yi mini takobi maras kaifi da likkafa da linzami, na samo jar fata daga majema, tela ya ɗinka mini guntun lifidi da auduga a ciki, na sa allo da alƙalamin kara. Ranar da yara makafi sunka zo daga makarantarsu, wani ya ɗaga likkafa ya ce ashe haka take da nauyi, ya tambaya doki ba ya gajiya? Ba a taɓa yi mini tambaya mai daɗin wannan ba, kuma yaran da ke gani ma rububin akwatin suke.

To a nan ne na haɗu da oga. Takardar tuhuma ya ba ni, wai na shigo da kayan kasuwa ɗakin tarihi ba da izini ba. Na amsa, na ba da haƙuri, na tura akwatin ƙarƙashin tebur. Bayan wata takwas manyan baƙi sunka zo daga Abuja, ya sa anka fiddo shi anka goge, ya tsaya gabansu yana cewa wani sabon tsari ne ofishinshi ya ɓullo da shi, ina tsaye a bayanshi. Na yafe, amma ban manta ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne zancen matakala. Guda huɗu ne a ƙofar shiga. Wata ɗaliba budurwa ta zo da 'yan ajinsu kan keken guragu, masu gadi sunka taso za su ɗauke ta cak, ta ce a'a. Kuma tana da gaskiya, wace budurwa ce za ta yarda maza huɗu su cicciɓe ta gaban jama'a? Ta zauna ƙarƙashin dogon yaro cikin zafin Afrilu sa'a biyu, na fito mata da akwatin nan waje, ban iya kallon idonta ba. Washegari na rubuta takarda, na kawo dokar hana nuna ma nakasassu wariya wadda Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Oga ya karanta ya ce, "Su nawa ke zuwa a shekara?" Na ce ranka shi daɗe, wa zai zo inda ya san ba zai iya shiga ba? Tun ranar ban sake ganin sunana cikin masu zuwa horo ba.

Daga baya an yi gangarar hawan keken guragu a ƙofar, ba a tambayi kowa ba, birkila ya zuba siminti yadda ya ga dama. Ƙa'idarta in ka hau taku ɗaya sama sai ka ba ta taku 12 a tsawo, wato matakalar da ta kai santimita 60 tana son fiye da mita 7. Tamu ba ta kai mita 3 ba. Mai keke ba ya iya hawa shi kaɗai, saukowa kuwa haɗari ce. Da an kira Sarkin Guragu an ba shi kujera da ruwa an ce zo ka gwada, da kuɗin ba su tafi banza ba.

Sauran abubuwan kowa zai iya. Kurame a fuskance su, a koyi ko gaisuwa ce da maganar hannu. A sa benci kowane ɗaki saboda tsofaffi. Rubutun jikin kaya a yi shi manya da Hausa, har da ajami. A auna ƙofar ban ɗaki. Kada a kama sandar makaho ko a tura keken mutum sai an tambaye shi.

Wanda zai gaje ni, akwatin na nan ƙarƙashin teburin ƙofa, makulli na wurin mai gadi, a riƙa shafa ma takobin mai in damina ta faɗi. Dattijon nan bai sake dawowa ba. Na koma littafin baƙi na ranar in nemo daga ina ya fito, sai na tarar ban ko rubuta sunanshi ba.