Aikin da Iya ta koya mini a lungunan Jos

Ranar 25 ga Agusta, 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Najeriya aka daɗe ana jira, domin har 2016 an sami yaran da cutar ta kama a Borno. An yaba wa gwamnati da sarakuna da masu ba da tallafi, kuma sun cancanta. Sai dai mu da muka yi yawon ɗiga magani gida-gida mun san cewa da ba don wasu tsofaffin mata ba, da gidaje da yawa ko zaurensu ba mu wuce ba. A unguwar da nake aiki, Iya ce wannan matar.

Ba ta yi boko ba, allo ta yi, sannan islamiyyar matan aure bayan ta girma. Koko da ƙosai take sayarwa da safe, da su ta riƙe jikokinta marayu. Ita ce mai zaman jego, ita ce mai wankan gawa, ita ake tasowa da tsakar dare idan naƙuda ta zo, ta rufa mayafi a cikin sanyin Jos ɗin nan ta raka mace asibiti. Babu wanda ya ɗauke ta wannan aiki.

Abu na farko da na koya a wurinta gaisuwa ce. Mu muna tafe da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, da alli na rubutu a bango, da alƙalamin shafa wa yaro ɗan yatsa, hankalinmu yana kan yawan gidajen da suka rage. Ita kuwa sai ta yi sallama, ta nemi tabarma ta zauna. Ta tambayi maigida, ta tambayi uwar miji da ciwon ƙafarta, ta karɓi jariri ta ɗora a cinya ta shafa maɗigarsa. In ta ji maɗigar ta faɗa, sai ta tambaya ko yana gudawa, nan take ta sa a kawo tafasasshen ruwan da ya huce a haɗa ruwan gishiri da sukari. Sai an gama wannan duka take juyowa ta ce, "'Yar nan, kawo abin naku." A lokacin uwar da kanta take buɗe bakin ɗanta a ɗiga masa ɗigo biyun. Minti goman da muke ganin an ɓata, shi ne yake hana mu dawowa gidan muna roƙo.

Gidajen da ake ƙin karɓa su ne suka fi nuna mini ko ita wace ce. Tun 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohi saboda jita-jitar cewa yana hana haihuwa, maganar ta zauna a zukatan mutane har nan Filato. Kano ta dawo da shi a 2004, amma shakka ba ta tafi da sauri haka ba, balle mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba. Iya ba ta taɓa kiran mai shakka jahili ba. Wani magidanci ya tare mu a ƙofa ya ce, "Iya, zazzaɓi ya kwantar mini da yaro sai da na ci bashi na sayi magani, amma wannan ana bin mu da shi har gida kyauta. Me ya sa?" Ta ce, "Malam, tambayarka tana kan hanya, ni ma na yi ta. Amma ga jikata." Ta kwance goyon da ke bayanta, ta sa na ɗiga wa yarinyar a gabansa. Ba ta ƙara ko kalma ba. Ranar bai yarda ba, sai a zagaye na gaba, bayan ta je ta duba yaron nasa har ya miƙe. A ganina duk takardun wayar da kai da ake buga mana ba su kai wannan ba, domin mutum ba ya ba da ɗansa sai ga wanda ya gani tsaye a kansa ranar da ba a zo neman komai ba.

Tana da dabarar da har yau nake amfani da ita. Allurar jarirai tana da lokuta: ta ranar haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Mata da yawa lissafin mako yana kuɓuce musu, amma babu mai jegon da ke manta ranar arba'in. Sai Iya ta riƙa ce musu, "Kin yi arba'in, ki ƙara kwana biyu ki kawo shi." Kwana 42 ke nan, mako shida cif.

Sannan bakinta. Ta ga gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta ga matar da ke ɓoye tabon duka, ba a taɓa jin ɗaya a waje ba. Bayan rikicin 2008 da na 2010, da unguwanni suka rabu kowa ya koma wajen nasa, tana cikin 'yan ƙalilan da matan ɓangarori biyun suke yarda ta shiga ɗakinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke riƙon irin su. Ɗan kuɗin motar da ake ba masu sa kai ba ya taka kara ya karya, wani lokacin ma sai an gama aiki da makonni yake fitowa. Da ciwo ya kwantar da Iya, matan unguwa ne suka yi karo-karo suka saya mata magani. Yanzu duk taron da aka kira ni, sai na kawo maganar a rubuta sunayen masu sa kai a riƙa duba su kyauta idan sun tsufa.

Mata biyu da ta riƙa ja suna binta su ne suke raka mu yanzu, kuma babbar jikarta ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma. Allah ya jiƙan Iya, ya sa Aljanna ce makomarta, ya raya abin da ta bari.