Mun iso gida: godiya ga waɗanda suka riƙe mu daga Yamai har Kamba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, Allah ya dawo da mu Birnin Kebbi dukkanmu huɗu, ni da Auta da Ustaz da Dogo. Auta, wanda ya kwanta rashin lafiya a Yamai, yana ɗakin mahaifiyarsa, ya fara shan kunu da hannunsa, jiya kuma ya yi sallar Magariba a tsaye. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini uzuri. Tun da muka sauka daga mota jikina ya saki, ko zama na yi sai barci ya ɗauke ni. Yau ne na samu ƙarfin da zan riƙe waya in rubuta wannan.

Ba sai na sake jero muku abin da ya faru ba. Kun bi shi tare da mu tun ranar Laraba 26 ga Yuli, 2023, da dogarawan fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Bazoum aka rufe iyaka, mu kuwa muna tsakiyar Yamai da guzirin da muka auna daidai da ɗan hutun da muka samu. Kuɗin tafiyar adashi ne muka yi tun farkon zangon karatu, kowa yana tsakurowa daga kuɗin abincinsa. Kayanmu garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da sukari, da tabarmi biyu, da takardun tafiya na ECOWAS da katin rigakafin shawara. Niyyarmu mu je Jami'ar Abdou Moumouni mu ji yadda ake shiga karatun Faransanci, mu zaga gidan tarihi na Boubou Hama, mu taka gadar Kennedy, mu juyo. Litar fetur ta riga ta haura naira 600 a gida, naira kuma ta faɗi tun watan Yuni, don haka sefar da muka canza a Kamba ba ta kai yadda muka lissafa ba. Amma da lafiya ta ɗore, da ta kai mu ta dawo da mu.

Daren da jikin Auta ya rikice shi nake so in faɗa, don mutum biyu da na haɗu da su a daren nan ba zan iya biyansu ba ko da me na mallaka.

Zazzaɓin ya daɗe yana cinsa muna ba shi magani, sai a daren ya daina gane mu. Yana kallona yana kirana da sunan yayansa, can kuma jikinsa ya sanƙare, haƙoransa suka datse. Akwai dokar hana fita da dare, unguwar Harobanda tsit, ga duhu ko tafin hannunka ba ka gani. Ɗalibin da ya sauke mu a ɗakinsa ya fita a guje ya buga ƙofar wani dattijo Bazabarme mai tsohuwar tasi, wanda duk unguwar ke kira Baba Direba. Bai tambayi ko nawa za mu biya ba. Da jallabiyar barci ya fito, ya ce mu kwantar da shi a baya bisa gefensa kada ya shaƙe. A hanya sojoji suka tsayar da mu, ɗaya ya haska mu da tocila ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Baba ko su wane ne waɗannan. A kwanakin nan ba a maganar komai a rediyo sai wa'adin mako guda na a mayar da Bazoum kan mulki, wanda ECOWAS ta bayar a Abuja ranar 30 ga Yuli, kowa kuma yana cewa sojan Najeriya ne za su shigo gaba. Ustaz yana gefena, ina jin yadda yake karanta Hasbunallahu ƙasa-ƙasa. Baba ya ce, "'Ya'yana ne, ƙaraminsu ba lafiya." Sojan ya sake haska fuskar Auta, ya matsa gefe, ya ce mu yi sauri.

Muka isa ƙaramin asibitin, babu wuta. Kun san dalili. A farkon Agusta aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi, babban layin da ke kai ta Yamai kuwa daga nan Birnin Kebbi yake tashi. Ɗan man da ya rage a janareta an ajiye shi don ɗakin haihuwa. Ma'aikaciyar jinyar da ke aikin dare ta karɓi takardarmu ta karanta, ta ga garin da muka fito. Na tsaya ina jiran in ji abin da za ta ce, don da ta faɗa mana magana mai zafi a wannan duhun, ban da bakin ramawa. Ba ta ce komai ba. Ta ɗiga jininsa a ɗan katakon gwaji, ta tambayi nauyinsa, ta ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, ƙwaya ba za ta yi ba sai allurar artesunate ta jijiya, yanzu ɗaya, bayan awa 12 wata, bayan awa 24 wata. Ta kunna fitilar wayarta ta miƙo mini, ta ce in haska mata.

Jijiyoyinsa duk sun ɓuya saboda ruwan jikinsa ya ƙare. Ta ɗaure damtsen da roba, ta bubbuga, ta soka, babu. Ta koma ɗaya hannun. Ni kuma hasken sai rawa yake yi a bango, hannuna ya ƙi tsayawa, hawaye sun hana ni ganin inda take nunawa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ƙanena, tsayar da hannunka. Kukan ka ajiye shi sai na gama." Na dafe wuyan hannuna da ɗaya hannun. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa fatarsa, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta samu wata 'yar siririyar jijiya a bayan hannun, jini ya leƙo cikin robar. Ta ce Alhamdu lillahi tun kafin mu mu ce. Da aka zo kan takardar magani, abin da ke aljihunmu duka bai kai rabin kuɗin ba. Ta rubuta sunanta a ƙasan takardar, ta ce Dogo ya kai wa mai kantin magani na tsallaken titi, ya ce ita ce ta tsaya mana. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta a ko'ina, kuma ba zan ambata ba. Yaya, in wannan saƙon ya iso gare ki, ki sani mahaifiyar Auta tana ambatonki a kowace sujada. Allah ya haskaka miki kabarinki, ya haskaka na iyayenki, ya ba 'ya'yanki masu tsaya musu a duk ƙasar da suka samu kansu.

Akwai kuma wadda zan ambata ko da ranta bai so ba, da sunan da kowa ya san ta da shi a ƙofar asibitin: Inna Mai Kopto. Garin kwakinmu ya ƙare, ta lura kullum muna zaune ƙarƙashin bedi ba ma sayen komai. Ta aiko jikarta da kwano, dambu da zogale an murza masa ƙuli-ƙuli, har da ɗan mai a kai. Muka ce ba mu da kuɗi. Ta taso da kanta ta ce wa ya tambaye mu kuɗi. Ɗanta direban babbar mota ne, yana cikin waɗanda rufe gadar Malanbil ta tsare a tsallaken Binin, ba ta san abin da yake ci ba. Ta ce in ta ciyar da 'ya'yan wata, Allah zai sa wata ta ciyar da nata. Tun daga ranar kwanon bai yanke ba har muka bar asibitin, a lokacin da shinkafa da mai suke ƙara tsada a kasuwa kowace safiya. Inna, Allah ya dawo miki da ɗanki lafiya da motarsa da kayansa, ya sa ki ga auren jikar nan taki, ya kai ki Makka.

Kawu na Kamba, na gode. Katin bankinmu ya zama banza, bankunan can ma ana layi ana ba mutane kuɗinsu kaɗan-kaɗan saboda takunkumi. Kai ka karɓi abin da aka tara a nan, ka cika da naka, ka buga waya ɗaya ga abokin cinikinka a kasuwar Katako. Mutumin ya ƙirgo mini sefa a cikin rumfarsa, babu takarda babu sa hannu, abin da ya tambaye ni kawai sunan kakana. Da wannan kuɗin muka fanshi sunan Yaya a kantin magani. 'Yan ajinmu, na ga jerin da kuka yi a WhatsApp, na karanta shi tun daga sama har ƙasa. Akwai wanda ya turo naira 300 ya haɗa da ban haƙuri, ni kuwa na san a wannan watan abin da ke hannunsa ke nan. Malaminmu da ya yi ta kira kowace asuba, da limamin masallacin unguwarmu da ya sa aka yi ta alƙunutu, da matan gidanmu da suka kwana wurin mahaifiyar Auta don kada a bar ta ita kaɗai da waya a hannu, Allah ya saka muku da gidan Aljanna.

Hanyar dawowa kun ji ta. Dosso, Gaya, sannan inda mota ba ta wucewa. Zan dai ambaci yaron nan Badande mai kabu-kabu da ya ɗauki Auta. Da ya ga ba zai iya riƙe kansa a kan babur ba, ya karɓi rawanin Ustaz ya ɗaure shi a bayansa kamar goyo, ya bi da mu ta cikin gonaki, gero ya fi mu tsawo, taɓo har gwiwa a wasu wuraren. Duk inda ya ga rami sai ya sauke ƙafa ya tura a hankali yana ce masa, "Sannu yayana, saura kaɗan." Da muka shigo Kamba na ƙara masa wani abu a kan abin da muka yi ciniki, ya mayar mini, ya ce in saya wa mara lafiya madara. Mahaifiyarsa 'yar Kamba ce, mahaifinsa ɗan Gaya. Duk wanda ke zaune nesa yana maganar yaƙi da Nijar, ina so ya zo ya gaya wa yaron nan wane ɓangare ne nasa. Jihohi bakwai ne suke iyaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, kuma a kowacce akwai irinsa bila adadin. Saboda haka ina godiya ga Janar Abdussalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da suka je Yamai ranar 3 ga Agusta, da malaman da suka bi baya, da 'yan majalisar dattawan da suka ƙi amincewa a yi amfani da ƙarfin soja. Mu da muka kwana a can ranar Lahadin da wa'adi ya cika, muna jin ƙarar kowane babur muna zabura, mun san darajar duk wanda ya ce a zauna a yi magana.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, na so in haɗiye shi amma ya ƙi wucewa. Cikin dangi akwai waɗanda labari ya iske tun daren farko, masu hali, waɗanda ba a yin biki ko suna sai da su a gaba. Ba mu nemi kuɗinsu ba. Kira ɗaya ga tsohuwar nan, a ce mata ya mai jiki, ya isa. Abin da ya dawo kunnenmu shi ne wai wa ya aiki yaran talakawa yawon ƙasashe. Ɗan talaka ma yana da ikon ya tara kuɗin abincinsa ya je ya ga jami'ar maƙwabta, zazzaɓi kuwa ko a ɗakin uwarka yana iske ka. Na bar wa Allah, ban riƙe kowa ba, zumunci kuma yana nan yadda iyaye suka bar mana shi.

Ya Allah, kai ka san waɗanda na ambata da waɗanda suka ɓoye kansu. Ka san sojan da ya matsa gefe, da ɗalibin da ya bar mana katifarsa ya koma kwana a masallaci, da mai shayin da ya riƙa caja mana waya da batirin motarsa. Ka biya su da abin da ya fi abin da suka bayar. Ka yaye wa Baba Direba ciwon ƙafar da yake fama da shi, ka sa tasinsa ta zama sanadin arzikin gidansa. Ka buɗe hanya ga direbobin da ke kwance a bakin iyaka da kayansu suna lalacewa, da marasa lafiyan da ke kwance cikin duhu, da matan da mazansu ke tsallake. Ka kashe wutar fitina tsakanin Nijar da Najeriya, ka shiryi shugabannin ƙasashen biyu, ka sa damunar bana ta yi albarka daga Dandi har Zabarma. Ka ƙara wa Auta lafiya, ka mayar masa da ƙarfinsa kafin a koma makaranta. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Baban Auta ya ce in sanar da ku za a yi saukar Alƙur'ani da sadaka ranar Juma'a bayan La'asar a ƙofar gidansu, kowa da kowa ana gayyatarsa. Masu zuwa dubiya kafin ranar, likita ya ce a bar shi ya riƙa hutawa da rana, don haka a daure a zo da yamma. Wanda kuma ya bayar da nasa a matsayin rance, ya yi mini magana ta waya, Baban Auta ya ce yana so ya sallami kowa kafin ranar saukar.