Saƙon Godiya Daga Matan Gwange Bayan Ambaliyar Alau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Da yawun ƙungiyar matan layinmu da ke Gwange a Maiduguri nake wannan rubutu. A makon nan iyali na ƙarshe cikin maƙwabtanmu da ruwa ya rushe wa gida suka koma ɗakinsu, an yi rufi an sa ƙyaure. Shi ya sa muka ga lokaci ya yi da za mu fito fili mu ce mun gode. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah da Ya raya mu. Waɗanda ruwan ya tafi da su, Allah Ya jiƙan su, Ya karɓi shahadarsu.

Madatsar Alau ta ɓalle ne wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, kogin Ngadda ya cika ya shigo gari mutane na barci. Iyayenmu sun sha ba mu labarin ruwan 1994, amma su ma sun ce wancan ƙanen wannan ne. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Mai Martaba Shehu, da asibitin koyarwa, har gidan namun daji, inda kadoji da macizai suka biyo ruwa cikin unguwanni.

Kafin kowace ƙungiya ta iso, samarin unguwa ne suka fara. Su ne suka goya tsofaffi, suka ɗora jarirai a manyan robobin wanki suna turawa, ruwa har ƙirji. Sai masu kwale-kwale da sojoji da 'yan Red Cross. Yarana, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku. Akwai waɗanda suka tsawwala kuɗin fito a ranar, mun bar su da halinsu.

Wasu cikinmu sun nufi sansanin Bakassi, wanda aka rufe tun 2021 aka sake buɗe shi saboda wannan ruwa. Cikinsu har da matan da rikicin Boko Haram ya taɓa zaunar da su a wurin, suka sake komawa da ƙunshin kaya a ka. Mu kuwa a sansanin Teachers Village muka sauka. Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, ta kafa tukwane a can, ana dafa shinkafa da wake ana rabawa da zafinsu. Wanda ya tsara hakan ya san aikinsa, domin da ɗanyen hatsi aka miƙo mana, ina tukunya, ina busasshen itace? Muna kuma godiya ga gwamnatin Borno ƙarƙashin Farfesa Babagana Umara Zulum, da hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha, NEMA da SEMA, da attajirai irin su marigayi Alhaji Aminu Dantata da Alhaji Aliko Dangote da suka ba da gudummawa. Da kwalara ta ɓulla a watan Oktoba, ƙwayar tsaftace ruwa da sabulu da aka raba mana sun taimaka ƙwarai.

Amma inda nake so in tsaya shi ne batun yara. Bayan ruwa ya janye, ya bar mu da rumbu fanko da jari da ya narke, ga tsadar abinci da dama can ta gallabe mu. Sai gudawa, sai rama. Ma'aikatan lafiya suka riƙa bin mu da wani ɗan zaren awo mai kore da rawaya da ja, suna naɗa shi a damtsen yaro. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, to tamowa ta yi tsanani. Sukan kuma danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Yawancinmu a nan muka fara sanin haka.

Jikata tana cikin waɗanda awonsu ya nuna ja. Aka ba uwarta abincin tamowa, wannan na cikin leda da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, ba ya buƙatar dahuwa ko ruwa. Nas ɗin ta ce mata, “Maman yarinya, wannan magani ne, kada ki raba da kowa.” Faɗa da sauƙi. Yayyenta uku na zaune sun zuba ido, su ma ba ƙoshi suka yi ba, sai uwar ta ja yarinyar bayan labule ta matsa mata a baki tana hawaye. Yau yarinyar nan ita ke tsere da awaki a tsakar gida. UNICEF da ke kawo wannan abinci, da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke kwantar da yaran da jikinsu ya fi tsananta, da 'yan'uwanmu 'yan Borno da ke aiki ƙarƙashinsu ba dare ba rana, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Haka mutanen ƙasashen da ba su san mu ba, ba addini ɗaya ba yare ɗaya, amma suka ciri daga aljihunsu.

Ba a rasa ƙorafi ba. An yi son kai wajen rabon katin tallafi a wasu wurare, kuma har yanzu akan ga abincin tamowa a tiren masu talla. Duk mai sayar da shi ya sani bakin wani yaro ya ƙwace.

Muna da roƙo guda. Tun da Amurka ta rage tallafinta a 2025, WFP ta yi gargaɗi a watan Yulin shekarar cewa rashin kuɗi zai iya tsayar da abincin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas, ya kuma rufe cibiyoyin kula da tamowa sama da 150. Don Allah gwamnatocinmu da masu hali su toshe wannan giɓi. Irin gyaɗar da ake yin maganin nan da ita, tana fitowa a gonakinmu.

Ku kuma 'yan'uwa mata, an koya wa wasu cikinmu yadda ake awon damtse, zaren yana hannunmu. Duk wadda ta ga ɗanta na rama ko ƙafarsa ta kumbura, kada ta jira ranar taro, ta kawo shi a auna.

Wassalam.